Hatsue da Shayin Magabata

Tun da na san matar yayana Hatsue, ban taɓa ganin ta zubar da shayi ba. Ko ya huce ya yi ɗaci kamar magani, sai ta ɗaga kai ta shanye, ta kife kofin. Ni da aka haifa a tsakiyar kunyoyin shayi ban ɗauki abin da zafi haka ba. Ita da ta zo mana daga bakin teku, 'yar masunci, ita ce ta fi kowa zaƙewa.

Lokacin da yayana Tokuji ya kawo ta ƙauyenmu na kan tudu, can saman kogin Oi, ba ta iya bambance tohon fari da na biyu ba. Innarmu ta shinshina hannunta ta ce, "Wannan sai an shekara kafin ƙarnin kifi ya fita." Hatsue ta rusuna, amma ta riƙe maganar. Ta koyi tsinkar ganye, ta koyi turarawa da murzawa, har ta kai maƙwabta na leƙowa su tambaye ta ko lokacin tsinka ya yi. Gajera ce mai faɗin ƙafa, tana hawan gangaren gonarmu da kwando a baya kamar tana yawo a tsakar gida. Baki kuwa akwai shi. Tun makonta na farko muka soma faɗa, kuma ba mu daina ba har yau da furfura ta rufe mu. Ni ƙanwar miji ce, dole in taɓa ta. Ita kuma Kinu take kirana, wai Kinuyo ya yi wa mai gajeren haƙuri irina tsawo.

Tokuji ya rasu shekara goma da ɗoriya da suka wuce, a gona, ranar da aka fara tsinka. Ina wurin. Muna cikin aiki sai ya ajiye kwandonsa, ya zauna tsakanin kunya biyu, ya dafe ƙirji. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya yi murmushi ya ce busasshen dankalin da ya ci ne ya sa masa ƙwannafi, mu ci gaba da aiki. Kafin mu kai ƙarshen kunyar mu juyo, ya kwanta. Motar asibiti ta hawo hanyarmu mai lanƙwasa tana jiniya, amma wanda ta zo ɗauka ya riga ya tafi. Daga baya aka ce mana babbar jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe.

Tun daga nan hotonsa ya shiga kabad ɗin magabata, inda muke ajiye hotunan mamatanmu muna kai musu shayi, gefen na Baba da na Inna. Kullum da safe Hatsue takan dafa shayin farko, ta zuba kofi uku, ta kunna turaren tsinke, ta buga 'yar ƙararrawa. Sauran mutane ƙananan kofuna suke sa wa mamatansu, kamar na wasan yara. Ita ta ce Tokuji bai taɓa ƙoshi da kurɓi ɗaya ba, don haka babban kofinsa take cikawa, da ganye mai yawa, mai kauri, yadda yake so. Gidana yana ƙasan nata kaɗan. Daga madafina nakan ji ƙararrawar, in san ta tashi.

Bara, da sanyi ya fara ja baya, na lura Hatsue ta koyi wani sabon hali. In muna hawan gangare sai ta tsaya a tsakiya, wai tana kallon kogi.

Na ce, "Yaya, shekara hamsin kina nan, yau kika san da kogin?"

Ta ce, "An hana ne? Naki ne?"

Washegari igiyar takalmi ta tsaya ɗaurewa, takalmin da babu abin da ya same shi. Rana ta uku na waiwaya ba shiri, na ga hannunta a ƙirji, goshinta ya jiƙe da zufa a cikin wannan sanyin. Ban yi mata magana ba, don na san abin da zan ji. Na gangara na tayar da 'yar a-kori-kurata, na kawo ta bakin gona na buɗe ƙofa, na ce in ba ta shiga ba zan yi ta danna hon har duk ƙauyen su fito kallo. Hatsue ta fi tsoron idon mutane a kan ciwo, saboda haka ta shiga.

A babban asibitin birni aka sa ta cikin injin nan mai kama da ƙaton zobe, aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarta. Likitar mace ce, Onodera, ba za ta girmi 'yata ba. Ta juyo mana da allo ta nuna wani farin zare da ya sirance a tsakiya. Ni ban san komai a likitanci ba, amma na tambaya ko jijiyar gaba ce, babbar. Ta ce ita ce. Wato wadda ta ɗauke Tokuji.

Likita ta ce, "Hoto ya nuna mana hanya ta tsuke, amma bai faɗa mana ko jinin da ke wucewa ya wadatar ba. Kamar tiyon ban ruwa ne da aka taka. Da ido ba za ki san ko abin da ke fita zai ishi shuka ba, sai kin tara hannu. Za mu shiga ta wuyan hannunki da siririn bututu, mu zura waya mai kaurin gashi ta wuce wurin, ta auna ƙarfin jinin kafin tsukewar da bayanta. A lokacin za mu ba ki wani magani da zai buɗe jijiyoyin kamar kina hawan tudu da gudu. In abin da ya wuce ya haura tamanin cikin ɗari, ƙwayoyi sun ishe ki. In bai kai ba, sai mu sa ɗan bututun raga mu buɗe hanyar."

Hatsue ta ce, "Ƙarfe a zuciyata, Likita?"

"Ɗan mitsitsi ne, Baba."

"Ƙugiyar kamun kifi ma 'yar mitsitsiya ce."

Likita ta yi dariya, sannan ta ɗaga yatsa. "Abu ɗaya nake roƙonki. Daga jajibirin ranar, ba shayi, ba gahawa. Abin nan da ke cikinsu mai hana barci yana kashe kaifin maganin, sai awon ya nuna lafiya alhali ba lafiya ba."

Hatsue ta rusuna ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin, wannan zan shaide ta. Ranar jajibiri ta wuni da ruwan zafi zalla, tana mita kanta na sarawa, tana cewa ko fursuna ana ba shi shayi. Na kawo mata ruwan gasasshen sha'ir, ta kurɓa ta ce ruwan wanke tukunya ne.

Ranar awon na ji ƙararrawa da sassafe kamar kullum, na zo na ɗauke ta. A asibiti nas ta tambaye ta a gabana ko ta sha shayi ko gahawa. Hatsue ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Ko ɗigo." Suka tura ta a gado ta wata ƙofa mai fitila a sama, suka bar ni a benci rungume da jakarta. Na zauna ina tuna wayar nan tana tafiya cikin hannunta, tana hawa kafaɗa, tana gangarawa inda ba a taɓawa. Duk wanda ya fito da sauri sai in miƙe. Wata mata a gefena tana ɓare lemo, na ji kamar in fizge in jefar.

Da aka kira ni, Likita Onodera tana murmushi. Ta nuna mini hoton yana motsi, baƙaƙen jijiyoyi suna rawa kamar saiwoyi a ruwa, ga wurin da ya tsuke. Ta ce, "Tamanin da huɗu. Ya tsuke, amma jini na wucewa. Ƙwayoyi kawai." Na rusuna har jakar ta zame daga hannuna.

A hanyar gida Hatsue ba ta rufe baki ba. An naɗe mata wuyan hannu, tana ɗaga shi kamar wadda ta ci gasa.

Ta ce, "Kin san me? Likitar ta ce in suka sa maganin zan ji ƙirjina ya matse, fuskata ta ɗau zafi, numfashi ya yi wuya, wai kada in tsorata. Na kwanta ina jira. Shiru. Ta ce, Baba, kina jin wani abu? Na ce ɗan ɗumi-ɗumi dai. Ta ce lallai ke jaruma ce. 'Yar masunci fa, Kinu. Ba irinku ba, da allura ke sa ku suma."

Na yi dariya har da hawaye, don na daɗe ban yi numfashi mai daɗi ba.

Da muka isa na shiga madafinta in ɗora mata ruwa, tunda an ce kada ta yi aiki da hannun. A kan kwandon kwanuka na ga kofuna uku a kife, babban na Tokuji a tsakiya. Na tsaya ina kallonsu. Sai da na ɗan jima kafin abin ya sauka a kaina.

Na ce, "Yaya, shayin safe na kabad, ina kika zubar da shi?"

Daga ɗaki ta ce, "Zubar? Shayin yayanki zan zuba a kwata? Kin haukace?"

"To ina yake?"

"Inda yake zuwa kullum mana. Turare ya ƙare, na sauke, na sha."

"Duka ukun?"

"Da wanne zan bari, na Inna? Ta taso ta shaƙe ni?"

Na fito da kofin a hannu. "Ba an ce kada ki sha shayi ba? Ba a gabana kika ce wa nas ko ɗigo ba?"

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Ai ban sha shayi ba. Wannan ragowarsu ce. Nawa ban dafa ba tun shekaranjiya."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ƙarya take yi ba. A wurinta abin da aka sauke daga gaban magabata ya daina zama abin sha, karɓa ne kawai daga hannunsu. Ni ma haka aka rene ni, shi ya sa na ji ƙararrawar da safe ban kawo komai a raina ba. Na ce mata cikinta bai san na kabad daga na buta ba. Na ce ɗumi-ɗumin da take taƙama da shi ba jarumta ba ce, maganin ne bai kama ta ba. Na ga fuskarta ta canza, ta gane. Sai ta sha mur.

Ta ce, "An auna, an ce tamanin da huɗu. Magana ta ƙare."

"Za mu koma."

"In koma in ce me? Mutum shida suka tsaya a kaina sanye da rigunan darma masu nauyi, likita ta rako ni har ƙofa. In je in ce na ɓata musu aiki? Da wane ido? Ga tsinka ta matso. Ki bar ni."

Ban bar ta ba. A daren ban iya cin abinci ba, da gari ya waye na buga wa asibitin waya. Likita Onodera ta ce lallai awon ba abin dogaro ba ne, in kawo ta a sake. Ta ce kafin nan kada ta hau tudu, ta riƙe ƙwayar ƙarƙashin harshe a aljihu, in ciwon ya zo tana zaune a kira motar asibiti nan take. Da na isar da saƙon, Hatsue ta ce na tona mata asiri a birni, ta ja ƙofarta ta rufe. Ta daina yi mini magana. In mun haɗu a hanya sai ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, wanda ya fi zagi ciwo.

Ban taɓa jin tsoro irin na makonnin nan ba. Nakan tashi kafin ita, in tsaya a madafi ban kunna komai ba, ina sauraron ƙararrawa. In ta yi jinkiri kaɗan sai in sa takalmi ɗaya, sai ta buga, in cire. Na yi tunanin kiran ɗanta da ke Nagoya, amma na san zai zo ya kwashe ta ya rufe gidan, kuma wannan ba za ta taɓa yafe mini ba. Da rana ina hango farar hularta a kan gangaren da aka hana ta hawa, tana tafiya tana tsayawa. Ina jin haushinta kamar in mare ta, ina kuma tsoron ranar da zan nemi wadda zan ji haushi in rasa.

Ranar fara tsinka muka fita tare, don aiki bai san gaba ba. Ganyen ya yi kyau, laushi kamar kunnen jariri. Tana kunyar da ke gefen tawa, ba mai ce wa kowa komai. Hantsi ya ɗaga sai na daina jin ƙarar tsinkarta. Na leƙa. Ta ajiye kwando, tana zaune a ƙasa tsakanin kunya biyu, hannu a ƙirji, leɓɓanta sun yi fari.

Na ce, "Yaya!"

Ta ɗago ta yi mini murmushi. "Ba komai, ci gaba. Busasshen dankalin nan ne ya sa mini..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Muka dubi juna, ta dubi wurin da take zaune. Na lalubo ƙwayar daga aljihunta na sa mata ƙarƙashin harshe, na durƙusa na riƙe ta har numfashinta ya daidaita.

Can ta ce a hankali, "Kinu, kira yarinyar nan, likitar."

A ranar na kai ta. Suka duba suka ce zuciyar ba ta ji rauni ba tukuna, suka ƙara mata magani, suka sa ranar sake awo kusa-kusa. Kafin mu bar gida kuwa, sai da Hatsue ta tsaya ta ƙunshe sabon ganye a takarda mai kyau don ban haƙuri. Na ce mata mutum ɗaya ne a duniya zai kai shayi ban haƙurin shan shayi. Ta miƙa wa likita da hannu biyu, ta rusuna har na ji tsoron kada ta kife. Likita ta ce kakarta ma haka take yi da na kabad ɗinsu, ta ɗago ta.

Safiyar awo na biyu ban jira ƙararrawa ba, na hau gidan. Na same ta ta dafa, ƙamshin ya cika ɗakin. Ta jera kofuna uku, ta kunna turare, ta buga, muka zauna a kan ƙafafunmu har tsinken ya zama toka. Ta sauke kofunan a faranti. Na ga hannunta ya tafi kan babban da kansa, ya ɗaga shi rabin hanya. Sai ta turo farantin gabana.

Ta dubi hoton yayana ta ce, "Kada ka ji haushi, yau ƙanwarka ce za ta karɓa. In na sha, kafin kaka ina nan gefenka a kabad, kuma ka san wannan ba ta iya dafa shayi ba. Mu huɗu za mu sha wuya."

Na shanye duka ukun. Na Tokuji ɗaci kamar me, ban san yadda ta shekara goma tana haɗiye shi ba.

A wannan karon zaman bencin ya fi tsawo. Ga shayi kofi uku a cikina, zuciyata sai dukan uku-uku take yi, na kasa zama na kasa tsayuwa. Da ƙofar ta buɗe Likita Onodera ba ta murmushi. Ta ce, "Sittin da takwas. Mun sa mata ragar, hanya ta buɗe. Tana lafiya." Ta nuna mini hoto biyu, na farko zare ya sirance, na biyu ya cika. Na tambaye ta da an bar shi fa. Ta ce ba wanda zai iya cewa yaushe, amma ba ta so ta ga Hatsue a kan tudu da wannan jijiyar ba. Na nemi bango na jingina.

Na sami Hatsue a kwance, ƙarama a cikin farin gado, tana kallon rufi. Na shirya tsokanarta, na ce, "To 'yar masunci, yau ma ɗumi-ɗumi?"

Ba ta rama ba. Ta ce, "Da suka sa maganin, sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na nemi iska na rasa. Likita tana cewa saura kaɗan, yanzu zai wuce, ya kuwa wuce." Ta juyo da kai, idonta ya cika. "Kinu, ashe haka ya ji. Nasa kuma bai wuce ba. Yana cikin wannan ya dube mu ya yi murmushi, ya ce dankali ne, don kada mu tsorata."

Na zauna a bakin gadon na riƙe hannun da ba a naɗe ba, muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar jana'izarsa.

Bana ita ta fara tsinka, a kunyoyin ƙasa, ni na ɗauki na sama. Mun koma faɗanmu. Ta ce ina tsinka kamar akuya, na ce mai ƙarfe a ƙirji ba ta da bakin magana. In ta tsaya a gangare yanzu takan ce mini kai tsaye, "Hutawa nake yi," ni kuma in yi kamar ban ji ba, in rage sauri. Har yau dai da safe ba na kunna murhu sai na ji ƙararrawar.